Ba Kowane Zazzaɓi Ne Na Sauro Ba: Gano Cututtukan Bakteriya Ga Mai Ɗauke Da Sida

 

A garuruwanmu, daga Didawure ta Sokode har Zongon Dapaong, da zarar jikin mutum ya yi zafi an riga an yanke hukunci tun kafin a ga likita: zazzaɓin sauro ne. In ya kwana uku bai sauka ba, sai a ce to taifod ne. A aiki yaro kasuwa ya sayo kafso, a haɗa da jiƙo, a lulluɓe mutum da bargo, a jira. Mai ƙarfin jiki sau da yawa yakan tsallake, har a ce kafson ya yi aiki. Amma akwai wanda wannan jiran shi ne ajalinsa, wato mai ɗauke da ƙwayar sida, musamman wanda bai san yana da ita ba, da wanda ya sani amma ya ajiye maganinsa. Kan wannan nake so mu tsaya a wannan fitowa, don mu ne masu zuwa dubiya, kuma mu ne ake shawarta da su kafin a ɗauki marar lafiya a kai asibiti.

Mu fara da bambance abu biyu da jama'a ke haɗawa cikin suna ɗaya, ƙwayar cuta. Ƙwayar sida, wadda a takardun asibiti ake rubutawa VIH, birus ce. Ba ta iya hayayyafa sai cikin ƙwayoyin jikin mutum, kuma maganin antibiyotik ba ya taɓa ta ko kusa. Ita kuwa bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa a ruwa, a abinci, a hanci, a hanji, kuma antibiyotik yana kashe ta in an dace da wanda ya dace. Tarin fuka, taifod, ciwon haƙarƙari, sanƙarau, tunjere, ciwon sanyi, duk bakteriya na jawo su. Abin da birus ɗin sida take yi shi ne ta bi wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4 tana kashewa. Su ne masu shela a rundunar jiki, masu ta da sauran mayaƙa. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 zuwa 1500 a cikin ɗan mitsitsin ma'aunin jini da ake aunawa. In suka sauko ƙasa da 200, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda da Faransanci muke ce wa OMS, tana lissafa mutum cikin waɗanda cutar ta yi nisa a jikinsu, ko da kuwa yana tafiya da ƙafarsa yana zuwa kasuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sida ce ke tsaga bangon, amma sau da yawa bakteriya ce ke shiga ta yi kisan.

Wannan ba magana ce ta baka kawai ba. A 2015 masana sun tattara binciken asibitocin duniya kan abin da ke kwantar da manya masu ɗauke da sida, suka tarar kusan kashi 31 cikin ɗari cututtukan bakteriya ne, ban da tarin fuka da aka fi sakawa a wani kaso dabam. A nan Togo, babban binciken lafiyar jama'a na 2013 zuwa 2014 ya nuna kashi 2.5 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar. A yankin Centrale, inda Sokode take, kashi 2.2 ne, a Savanes kuwa 0.3. Kada ƙanƙantar adadin Savanes ta ruɗe mu. Inda cuta ta yi ƙaranci, nan aka fi mantawa da ita, nan mai ita ya fi jin kunyar faɗa, nan kuma ake isa asibiti a makare. Ga shi kuma babbar hanyar Lome zuwa Sinkase ta ratsa garuruwan biyu, direbobi da fatake kullum cikin kai da komo. Tun Nuwamban 2008 gwamnati ta mai da maganin ARV kyauta, saboda haka yau ba kuɗin wannan magani ne ke kashe mutane ba. Jinkiri ne, da ɓoyo, da cutar da ta shigo ba a gane ta ba.

Me ya sa ganewar ke da wuya?

Saboda yawancin abin da muke kira alamar ciwo, a gaskiya alamar faɗa ce. Kumburi, mugunya, zafin jiki mai tsanani, tabon da hoto ke nunawa a huhu, duk sawun artabu ne tsakanin garkuwar jiki da cuta. To wanda mayaƙansa suka ƙare, da me zai yi artabun? Sai cuta ta mamaye shi shiru. Za ka ga mutum bakteriya ta cika jininsa amma zafin jikinsa kaɗan ne, ko ma jikin ya yi sanyi. Za a ɗauki hoton ƙirjinsa a ga kamar ba komai, alhali tarin fuka ya kai har ɓargo.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi shafarmu da damina. A yi wa mutum gwajin sauro na gaggawa, wanda ake diga jini a jira minti goma sha biyar zuwa ashirin, ya nuna akwai. Sai kowa ya ce alhamdulillahi an gano. Amma a ƙasa irin tamu mutane da yawa suna yawo da ƙwayar zazzaɓin sauro a jininsu ba tare da ita ce ke kayar da su ba, kuma gwajin yakan ci gaba da nuna akwai har makonni bayan an warke. Samun ɓarawo ɗaya a zaure ba ya nuna babu na biyu a ɗaki. In an sha maganin sauro kwana biyu zuwa uku jiki bai sauka ba, ga mai ɗauke da sida wannan dalili ne na komawa asibiti a ranar, ba na canza kafso ba.

Akwai alamu huɗu da OMS ta ware, waɗanda ko a gida za a iya dubawa, kuma ɗaya kaɗai ta isa a ce babban mutum yana cikin haɗari. Numfashi sau 30 ko fiye a minti ɗaya. Bugun zuciya 120 ko fiye. Zafin jiki ya kai 39 a ma'auni. Da kuma kasa tafiya sai an riƙe shi. Ƙirga numfashi ba ya buƙatar boko: ka duba agogon wayarka, ka zuba ido kan ƙirjinsa, duk tashi da sauka ɗaya ne, har minti ya cika. Ni a ganina duk gidan da ke da mai jinya ya kamata a samu mutum ɗaya da ya iya wannan. Ka ƙara da ruɗewar hankali, da suma, da sanƙarewar wuya. Wanda ke da ɗayan waɗannan ba na gobe da safe ba ne, kuma ba na ƙaramin ɗakin shan magani na unguwa ba ne. A nufi babban asibitin yanki, CHR na Sokode ko CHR na Dapaong.

Tarin fuka, babban makashi

Duk duniya babu cutar da ta kai tarin fuka kashe masu ɗauke da sida. A lissafin OMS, a shekarar 2022 kaɗai ya kashe kusan 167,000 daga cikinsu, kuma haɗarin kamuwarsu da shi ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Abin da ya fi ta da hankali shi ne wani nazari na 2015 da ya haɗa binciken gawarwakin masu sida da suka rasu a asibitocin ƙasashe matalauta. Wajen huɗu cikin goma na manya an samu tarin fuka a jikinsu, kuma kusan rabin waɗannan har suka cika ba a san suna da shi ba. Ciwon da ke da magani, maganin kuma kyauta ne a ƙasarmu.

Don haka ne duk zuwan da mai ɗauke da sida zai yi karɓar magani ake yi masa tambaya huɗu: kana tari? kana zazzaɓi? kana ramewa? kana gumin dare? Lura, ba a ce tarin mako biyu ba kamar yadda ake tambayar sauran jama'a. Tari ko na jiya ne ana lissafa shi. Ɗan'uwa, in an yi maka waɗannan tambayoyi kada ka amsa da "lafiya lau" irin ta gaisuwa. Ma'aikacin ba gaishe ka yake yi ba.

Tun da Robert Koch na Jamus ya bayyana ƙwayar tarin fuka ranar 24 ga Maris 1882, hanyar gano ta ita ce a shafa kaki a gilashi, a rina shi, a duba da madubin likita. Hanya ce mai kyau, amma sai ƙwayoyin sun kai dubbai a ɗan kakin kafin ido ya kama su. Mai raunin garkuwa kuwa huhunsa ba ya yin kogon da ƙwayoyin ke taruwa su fito da yawa, sai gwajin ya ce babu alhali akwai. A Disamban 2010 OMS ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ba kallon ƙwayar take yi ba, tambarin halittarta take nema. Ƙwayoyi ɗari da 'yan kai sun ishe ta, cikin kamar awa biyu ta ba da amsa, ta kuma faɗa ko ƙwayar ta bijire wa rifamfisin, wanda shi ne ginshiƙin maganin. Ga mai ɗauke da sida wannan ne gwajin farko da ya kamata a nema, kuma shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa ya kai na'urar manyan asibitocin yankuna.

Kakin ma akwai yadda ake ba da shi. Ba miyau ake so ba. A kurkure baki da ruwa, a fita fili inda iska ke kaɗawa, a ja numfashi mai zurfi sau biyu ko uku, sannan a yi tarin da zai taso da abin da ke can ƙasan ƙirji. Wanda ya tofa miyau a kwalba ya kawo, ya wahalar da na'ura ya kuma cuci kansa.

To wanda ya galabaita har ba ya iya fitar da kaki fa? Nan ne gwajin fitsari da ake kira TB LAM yake shigowa, wanda OMS ta fara amincewa da shi a 2015 ta faɗaɗa a 2019. Idan tarin fuka ya bazu cikin jiki, wani ɓangare na ɓawon ƙwayar yakan bi ta ƙoda ya fito a fitsari. A diga fitsarin kan ɗan tsinke, minti 25 an gama. Abin mamakinsa, ya fi kamawa ga wanda CD4 ɗinsa ya fi yin ƙasa, wato wanda sauran gwaje-gwaje suka fi kuskurewa. In ya nuna akwai, a fara magani. In ya nuna babu, ba a sallami tarin fuka ba tukuna, sai a ci gaba da nema. Kada kuma a manta ba huhu kaɗai yake kamawa ba. Kaluluwar wuya da ta daɗe, ruwa a ciki ko a ƙirji, ciwon ƙashin baya, duk yana iya zama shi.

Wata gaɓa da ke sa mutane ajiye magani: mutum ya fara ARV, bayan mako biyu zuwa takwas sai zazzaɓi ya taso, kaluluwa ta kumbura, sai dangi su ce maganin Bature ne bai karɓe shi ba. Sau da yawa ba haka ba ne. Mayaƙan ne suka farfaɗo suka tarar da cutar da ke ɓoye tun da can, faɗa ya kaure. Wannan lokacin komawa ne a bincika, ba lokacin jefar da kwalbar magani ba.

Shukar jini, da ɓarnar kafson kasuwa

Bayan tarin fuka, bakteriya biyu ne suka fi shiga jinin masu sida a Afirka. Ta farko ita ce pneumocoque, mai jawo ciwon haƙarƙari da sanƙarau. Ta biyu 'yar'uwar taifod ce, daga dangin Salmonella, amma ba ita ba ce. Ga lafiyayye iyakarta ta sa gudawa ta kwana biyu daga gurɓataccen abinci ko ruwa. Ga mai raunin garkuwa kuwa takan tsallake hanji ta faɗa jini, sau da yawa ma babu gudawar, zazzaɓi ne tsura. Bincike a ƙasashen Afirka ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ta shiga jininsu ba sa tashi, wanda ya tashi kuma tana iya dawo masa in ba a gyara garkuwar da ARV ba. Babu likitan da zai gane ta da ido, komai ƙwarewarsa. Gwajin Widal da muka saba, wanda kowa ke fitowa da takardarsa yana cewa an ce taifod ne, ba ƙwayar yake gani ba, martanin jiki yake aunawa, kuma yakan nuna akwai ga wanda ya taɓa yi tun tuni ko mai zazzaɓin sauro. Ni dai ban ga dalilin da za a jingina ran mai ɗauke da sida a kansa ba.

Gwajin da ke kamo ƙwayar da hannu shi ne wanda a takardar likita ake rubutawa hémoculture, mu ce shukar jini. Kuma shuka ce ta gaske. A wanke fata sosai, a ɗebi jini kamar mililita 8 zuwa 10 ga babba, a zuba cikin kwalba mai romon da bakteriya ke so, a ajiye ta a ɗumi irin na jikin mutum. In akwai ƙwaya a ciki za ta hayayyafa, galibi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, amma akan jira kwana biyar zuwa bakwai kafin a ce babu. Da ta tsiro sai a rina ta da rinin da wani likitan Danmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884. Wasu su fito shuɗi-shuɗi, wasu ja-ja, wasu dunƙule, wasu kamar sanda, tun daga nan likita ya san inda ya dosa. Daga nan a shimfiɗa ta a faranti, a jera mata 'yan ƙananan takardu, kowace ɗauke da irin antibiyotik nata. Washegari a duba. Wadda ƙwayar ta guje wa ta bar fili kewaye da ita, wannan maganin yana ci. Wadda ta tsiro har gindinta, wannan shan sa da shan ruwa ɗaya ne. Sunan wannan mataki antibiogramme. Gani ya kori ji.

Masu cewa "jinin da ba shi da shi za a kwashe" su kwantar da hankali. Babban mutum yana da wajen lita biyar, abin da ake ɗiba bai wuce cokali biyu ba. Ƙarancin ɗiban ne ma ke sa a rasa ƙwayar, don a jinin babba warwatse take.

Yanzu ga inda kafson kasuwa ke yin ɓarna. Wanda ya haɗiyi amokisilin biyu jiya, tupaye ɗaya shekaranjiya, bai sha abin da zai kashe cutar ba, amma ya sha abin da zai hana ta tsirowa a kwalba. Iri ne aka soya kafin a shuka. Sakamako ya fito babu komai, cuta kuwa tana nan, likita ya koma laluben duhu. Ƙa'idar ita ce a ɗebi jini tukuna, nan take a ɗora antibiyotik ba tare da jiran sakamako ba, in sakamakon ya fito a gyara. Ɓarna ta biyu ta fi wannan daɗewa: shan magani guntu-guntu shi ke horar da ƙwaya ta koyi bijirewa. Wani babban lissafi da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ce a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu sanadin bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma a gwargwadon yawan jama'a Afirka ta Yamma ce kan gaba. Ga kuma jabu. Ba banza ba shugabannin Afirka suka taru a Lome a Janairun 2020 kan fataucin magungunan jabu. Kafson da ya wuni a faranti cikin ranar Dapaong ta watan Maris, ko na gaske ne, me ya rage a cikinsa?

Sanƙarau ba baƙo ba ne a arewacin Togo. Da hunturu ya kankama har zuwa bazara muna cikin fargabarsa. A 2016 annobar da ta taso daga Dankpen a yankin Kara ta kama kusan mutum 2,000, ta kashe fiye da 100, kuma nau'in W ne, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a 2014 na nau'in A ne. Binciken da aka gudanar a Tône da Sinkase daga 2010 zuwa 2013 ya nuna pneumocoque na cikin manyan masu jawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari a wannan yanki. Ga mai ɗauke da sida kuma abin ya ƙara cakuɗewa, don ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya suna iya zama na waɗannan bakteriya, ko na tarin fuka da ya hau kai, ko na wata ƙwaya mai suna cryptocoque wadda ba bakteriya ba ce sam, dangin funfuna ce. Uku ne, kamanninsu ɗaya, maganinsu ya sha bamban. Ba abin da ke rabe su sai a ɗebi ruwan ƙashin baya a duba.

Na san tsoron da jama'a ke yi wa wannan allura. Ana cewa tana gurgunta mutum, ko wane an yi masa ya mutu. Allurar tana shiga ne can ƙasan baya, ƙasa da inda laka ta ƙare. Wanda ya rasu bayan an yi masa, galibi ciwon da ya sa aka yi masa ne ya ɗauke shi, don an kawo shi rai a hannun Allah. A ciwon cryptocoque ma ɗiban ruwan kansa magani ne, yana rage matsin da ke cikin kai. Idan likita ya nemi izini, babban gida kada ya ce sai an yi waya da wane na Kumasi ko na Kano tukuna. A sanƙarau awa ɗaya ma tana da nauyi.

Sauran gwaje-gwajen a gurguje. Na fitsari, wanda ake rubutawa ECBU, a bar farkon fitsarin ya zube a tari na tsakiya a kwalbar da aka bayar, a miƙa da wuri. Tunjere ana gano shi da digon jini, kuma mai juna biyu ta tabbata an yi mata shi tare da na sida, don allurar penisilin tana tsirar da jariri. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar mai ɗauke da ƙwayar kuwa, ba a jiran CD4 ɗinsa ya faɗi kafin a ɗauke shi cikin masu haɗari. Saurin numfashi, ko faɗawar ƙasan ƙirji, ko ƙin nono, a tafi. A Dapaong ga asibitin yara na Yendubé.

Akwai ƙwayar magani ɗaya da ake ba masu sida kullum tare da ARV, kotrimokizazol, wanda muka fi sani da Bactrim. Wasu suna raina shi don arha ne kuma kowa ya san shi. A Abijan ta Kodebuwa aka gwada shi, aka buga sakamakon a 1999: a gwaji ɗaya ya rage manyan cututtuka da kwanciya asibiti da kashi 43 cikin ɗari, a ɗayan kuma, tsakanin masu sida da tarin fuka, ya rage mutuwa da kusan rabi. Kariya ce, ba ya hana a yi gwaji in zazzaɓi ya zo. Likita kuma yana buƙatar sanin kana shan sa, don ƙwayar da ta kama ka duk da shi wataƙila ta bijire masa.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Duk abin da na lissafa a sama yana tsaye ne kan kalma ɗaya da marar lafiya zai faɗa wa likita. Mutum ya bar asibitin garinsu inda ake ba shi ARV, ya tafi wani gari don kada a gan shi, ya ce zazzaɓi kawai yake yi. Likitan nan ba zai nemi LAM ba, ba zai yi tunanin cryptocoque ba, zai ba shi maganin sauro ya sallame shi. Faɗa wa likita ba tonon asiri ba ne. Suturar da addini ya yi umarni da ita ta hana yaɗa maganar mutum a majalisa ce, ba ta hana mai ciwo nuna wa mai magani inda ke masa ciwo ba. Dokar ƙasa ta 2005, wadda aka sabunta a 2010, ta wajabta wa ma'aikatan lafiya riƙe wannan sirri. Wanda nauyin baki ya hana shi, akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan, irin su Espoir Vie-Togo a Sokode, da Vivre dans l'Espérance da Sœur Marie Stella ta kafa a Dapaong a 1999.

Mu kuma mu dubi kanmu, don harshenmu ne ya kori mutumin zuwa wancan gari. Mace ta samu daga mijinta, jariri ya samu daga uwarsa, wani daga jini ko aska. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Tun 1995 majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Abu Dabi, ta yanke cewa ba a wajabta ware mai sida ba, tun da ba a ɗaukarta ta zama tare, ko musafaha, ko cin abinci a kwano ɗaya. Sahu ɗaya, buta ɗaya, babu komai. Tarin fukan huhu ne ke bin iska. Wanda aka samu da shi ya yi sallarsa a gida a makonnin farko na magani har likita ya ce ya daina yaɗawa, uzurinsa karɓaɓɓe ne, mutanen ɗakinsa kuma a kai su a duba su. Tagogin masallaci ma, duk sanyin asubar hunturu, a bar wasu a buɗe.

Tambayar azumi kullum sai ta zo. Ɗiban jini don gwaji ba ya karya azumi a wurin mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, haka ba da kaki ko fitsari. Fitar jini ma a mazhabarmu ba ta warware alwala. Saboda haka babu mai cewa sai bayan Salla zai je gwaji. Haɗiyar magani ce ke karyawa. ARV na sau ɗaya a rana ana iya mai da shi dare da shawarar likita, amma antibiyotik ɗin da aka ce duk bayan awa takwas ba a matse shi tsakanin magariba da sahur. Mai irin wannan ciwo marar lafiya ne, ya sha, ya rama in ya warke. Addu'a da tofi kuma a yi su a hanya da bakin gado, ba sa cin karo da kwalbar gwaji.

In za a tafi asibiti, a haɗa katin karɓar ARV, da takardar CD4 ta ƙarshe in akwai, da duk kwalin maganin da aka sha a makon, har na kasuwar da jiƙon, a zube wa likita ba tare da jin kunya ba, a faɗi ranar da aka sha na ƙarshe. In an yi shukar jini, a tambayi ranar da sakamako zai fito, a sa mutum ɗaya takamaimai ya koma ya karɓo ya kai wa likitan da ya nema, ko da marar lafiyan ya ji sauƙi an sallamo shi gida. A cikin wannan takardar ne ake ganin ko maganin da yake sha shi ne wanda ƙwayar ke gudu, ko kuwa sai an canza.